Iska Ba a Hannunka Take Ba: Nasiha Ga Matasa Daga Al Qusais

'Ya'yana da ƙannena, na gida da na ƙetare.

Akwai wata gajiya da nake gani a fuskokinku wadda ba aiki ne ya kawo ta ba. Gajiya ce ta wanda ya kwana yana kokawa da abin da ba zai iya canzawa ba, gari ya waye ba shi da sauran ƙarfin taɓa abin da ke gabansa. Wani yana Kano ko Maraɗi, zuciyarsa tana Dubai. Wani ya iso Dubai ɗin, zuciyarsa kuma ta koma cikin motar wani da gidan wani. Waya tana hannu dare da rana, tana nuna wa kowa rayuwar da ba tasa ba, har mutum ya fara jin kamar an zalunce shi ne da aka ba shi tasa.

Maganin wannan ciwo mun haddace shi tun muna Islamiyya, yana cikin rukunan imani shida: yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Haddar ba wuya. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne wanda zai nuna mana yadda ake aiki da ita ranar da albashi ya makara, ko aka hana biza, ko sa'anka ya wuce ka. Ni dai a wurin masu keke na unguwar da nake zaune, Al Qusais, na fi ganin wannan karatu a aikace, shi ya sa zan kawo muku shi ta bakinsu.

Al Qusais ba ita ce Dubai ɗin da kuke gani a bidiyo ba. Tana gabashin birnin, bayan Deira, daf da iyakar Sharja. Unguwa ce ta gidajen haya masu hawa-hawa, da rumbunan ajiye kaya, da garejin gyaran mota, da masana'antu. Titunanta na ɗauke da sunayen biranen Larabawa: Dimashƙa, Bagadaza, Amman. Daga nan koren layin jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe a watan Satumba na 2011, yake tashi ya bi ta kasuwannin Deira inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya. A gefenta akwai Muhaisnah, inda dubban leburori ke kwana a sansanin da aka fi sani da Sonapur. A ƙasar nan kusan mutum tara cikin goma baƙi ne, kowa neman abinci ya fito da shi. Kullum da safe motocin masu zama a Sharja suna aiki a Dubai sukan cika manyan hanyoyi, kowa ransa a ɓace. A cikin lungunan unguwa kuwa kekuna ne ke wucewa: yaron kanti da kwandon saƙo a kariya, mai wankin mota da bokitinsa a rataye, mai ba fulawa ruwa, mai gadi da ya tashi daga aikin dare. 'Yan Indiya ne, da 'yan Pakistan, da 'yan Bangaladash, da namu na Afirka. Su ne malamaina a wannan nasiha.

Karatun farko iska ce. Dubai shimfiɗaɗɗen gari ne, ba shi da tudun kirki, don haka iska ita ce tudun mai keke. Da rana takan taso daga teku, wani lokaci kuma iskar arewa maso yamma da Larabawa ke kira shamal ta zo da ƙura. Sabon mahayi in ya gamu da iskar gaba sai ya hasala, ya miƙe tsaye a kan feda, ya ce lallai sai ya yi gudun da ya yi jiya. Masana sun auna abin: ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana ninkuwa fiye da yadda gudu ke ninkuwa, har in kana so ka ninka gudunka sau biyu, sai ka zuba wa iska ƙarfi kusan ninki takwas. Shi ya sa mai hasala kafin ya yi nisa ƙafafunsa sun mutu, iskar kuwa tana nan yadda take. Tsohon hannu ba ya haka. Yakan sunkuyar da kai, ya sassauta giya, ya riƙe taku ɗaya, ya karɓi cewa yau tafiyar minti ashirin za ta ci talatin. Bai daina tafiya ba, bai kuma zagi iska ba, kuma shi ne yake isa da sauran numfashi.

Ɗana, zauna ka lissafa iskokin rayuwarka. Gidan da aka haife ka, launin fasfonka, darajar naira ko sefa, shekarar da mahaifinka ya rasu, dokar da wata ƙasa ta kafa ba ta shawarce ka ba. Ko ɗaya babu wanda fushinka zai motsa. Duk daren da ka ɓata kana tambayar me ya sa ni, ƙarfi ne ka ɗebe daga ƙafar da za ta taka feda gobe. Yarda da ƙaddara ita ce ka ce wa zuciyarka: wannan daga Allah yake, Shi ya san hikimarsa, na karɓa. Sannan ka tambayi kanka, to a cikin wannan hali mene ne nawa na yi? Tambayar farko tana cin mutum, ta biyun ita ke ciyar da shi gaba.

Karatu na biyu zafi ne. A watannin bazarar nan, daga Yuni zuwa Satumba, zafi yakan haura digiri 40, ga gumi mai nauyi daga teku wanda ke hana zufa bushewa. Hukuma da kanta ta sallama wa rana: kowace shekara, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, doka ta hana aiki a fili daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00 na rana. Ƙasar da ta gina Burj Khalifa mai tsawon mita 828 ba ta ce za ta yi jayayya da tsakar rana ba. Masu hawan keke don motsa jiki a wurin shaƙatawa na tafkin Al Qusais su ma sun san lokacinsu: bayan Asuba, ko bayan Magariba. Wanda ya ce shi jarumi ne zai fita da azahar, asibiti zai kwana. Komai yana da lokacinsa, kuma ba kai ke riƙe da agogon ba. Aure, haihuwa, buɗi, ɗaukaka, kowanne da ranar da aka rubuta masa. Hausawa suka ce zafin nema ba ya kawo samu. Ba cewa suka yi kada a nema ba. Zafin suka hana. Yawancin samarin da na ga sun faɗa hannun 'yan damfarar biza, ko cacar intanet, ko kasuwancin da ake alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ba lalaci ya kai su ba. Sun ƙi yarda ne cewa lokacinsu bai yi ba tukuna.

Na uku, kuma a nan nake so ku fi sauraro, shi ne gudun wasu. A garin nan keke iri-iri ne. Can cikin sahara akwai hanyar keke ta Al Qudra mai tsawon kilomita fiye da 80, inda masu hali ke fita da kekunan da kuɗin ɗaya zai sayi mota. Tun 2019 ake gasar tseren keke ta ƙasa baki ɗaya wadda zakarun duniya ke halarta, kuma Tadej Pogačar, ɗan Sulobeniya da ya ci babbar gasar Faransa a 2020 da 2021, a ƙungiyar da ke ɗauke da sunan ƙasar nan yake. Tun 2020 kuma, sau ɗaya a shekara, akan rufe babban titin Sheikh Zayed da safe a bar wa masu keke. Duk wannan gaskiya ne, kuma yaron kantin Al Qusais ya san da shi. Amma in ya hau tsohon kekensa da galan ɗin ruwa a baya, ba ya auna kansa da Pogačar. Abin da ke gabansa saƙo ne ya isa gidan da aka aike shi, ya dawo lafiya, ƙarshen wata ya tura wa mahaifiyarsa abin cefane. Da zai ce sai ya bi gudun motocin da ke wuce shi, da ransa zai biya. Doka ma ta hana keke hawa manyan titunan da ake gudu a kansu, don a tsare ran mai shi.

Waya ta mayar da kowannenku ɗan tseren da bai yi rajista ba. Kana kwance a ɗakinka, ana nuna maka ɗan shekara ashirin da biyar a gaban mota a Dubai, ba a gaya maka ko hayarta ya yi na awa guda ba, ba a nuna maka ɗakin da yake kwana su takwas a gado mai hawa biyu ba. Ko da ma tasa ce ta halal, rabonsa ne, kuma hisabinta a kansa yake. Kowa ya daka ta wani, ya rasa turmin daka tasa. Ke ma 'yata, ko ba ki taɓa hawa keke ba, kin san wannan tseren: lefen wance, bikin wance, ɗakin wance. Hassada a asalinta ƙorafi ne a kan rabon da Allah ya yi, ko da mai yin ta bai furta ba. Wanda ya yarda da Mai rabo, idonsa yakan dawo kan hanyarsa. Masu keke kuwa sun san cewa inda ido ya kafe, can keke yake nufa. Mai kallon rami, ramin yake faɗawa.

Karatu na huɗu shi ne mafi ban mamaki, kuma duk wanda ya koyi keke jikinsa ya san shi ko da bakinsa bai iya faɗa ba. In keke ya karkata hagu zai faɗi, ba dama ake juya kansa ba. Hagun ake juya shi, wajen faɗuwar, sai tayoyi su dawo ƙarƙashin nauyin mahayi, keke ya miƙe. Yaro mai koyo yana faɗuwa ne saboda tsoro yana sa shi ya sandare, ko ya fizge kan keken ya guje wa gefen da ya karkata. Haka musiba take. Wanda ya kawar da kai daga gare ta, ya ƙi ambatonta, ya ci gaba da rayuwa kamar ba ta faru ba, shi take kayarwa. Wanda ya fuskance ta, ya kira ta da sunanta, ya ce na yi asara, an kore ni, jarina ya karye, shi ne yake samun ƙafar tsayawa.

Mun ga haka a nan. A watan Oktoba na 2022 ƙasar nan ta daina ba 'yan Najeriya biza, kamfanin jirgin Emirates ma ya dakatar da zuwa Najeriya. Ba a sake buɗe bizar ba sai a watan Yuli na 2024, jirgin kuma ya koma Legas a farkon Oktoba na shekarar. Kusan shekara biyu ke nan. 'Yan kasuwar da suka karɓi lamarin da wuri sun nemi wakilai a Deira, sun koma saro kaya ta waya, wasu sun juya zuwa Sin ko Turkiyya ko Masar. Waɗanda suka zauna jiran a buɗe gobe, jarinsu a zaune ya narke. Haka kuma lokacin da hukuma ta yi afuwa ga waɗanda takardunsu suka ƙare, daga 1 ga Satumba zuwa ƙarshen Disamba na 2024, aka ce mutum ya gyara zamansa ko ya tafi gida ba tare da tara ba. Wasu sun fito sun karɓa. Wasu kunyar komawa gida hannu rabbana ta sa suka ci gaba da ɓuya. Ɗana, in tafiya ba ta karɓe ka ba, komawa gida ba faɗuwa ba ce. Mahaifiyarka kai take so, ba akwati ba.

Kada kuma wani ya ce muku yarda tana nufin zuciya ba za ta yi zafi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, bai kuwa furta abin da zai saɓa wa Ubangijinsa ba. Malamai da dama, cikinsu har da Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, sun rinjayar da cewa haƙuri wajibi ne a kan kowa, wato kame harshe da gaɓɓai daga ƙorafi, amma zuciya ta kai ga natsuwa da abin da ya same ta mataki ne na sama wanda ake so, ake kuma hawansa a hankali. Saboda haka in kana haƙuri amma har yanzu ƙirjinka na suya, ba ka fita daga hanya ba. In kuma damuwar ta hana ka barci da abinci, ta daɗe ba ta sake ka ba, ka gaya wa wanda ka amince da shi, ka ga likita. Neman magani shi ma cikin ƙaddara yake.

Yanzu ga inda mutanenmu suka fi zamewa. Akwai mai hawa keke ba birki, ba fitila, ba hular kwano, ya bi hannun da ba nasa ba, in ka yi magana ya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. Wannan ba tawakkali ba ne, sakaci ne aka sa wa rawani. Lokacin da wani mutum ya tambayi Manzon Allah ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, umartarsa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Sayyidina Umar ma, da ya nufi Sham ya ji labarin annobar da ta ɓarke a can, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Iska ba a hannunka take ba, amma birki a hannunka yake, da iskar taya, da man sarƙa. Karatunka, sana'arka, sallarka, gaskiyarka a ciniki, karanta takardar kwangila kafin ka sa hannu, bincika dillalin biza kafin ka sayar da gonar gado: duk waɗannan za a tambaye ka a kansu, kuma ba za a karɓi ƙaddara a matsayin uzuri ba.

Zalunci kuwa ba iska ba ne, aikin mutum ne, kuma ana tsaya masa. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan da ta fara aiki a watan Fabrairu na 2022 ta hana mai gida riƙe fasfon ma'aikaci, akwai tsarin biyan albashi ta banki da hukuma ke sa wa ido, akwai kuma ma'aikatar da ake kai wa ƙara. Wanda aka danne wa haƙƙi ya yi shiru yana cewa haka Allah ya so, ya taimaki azzalumi ne a kan na bayansa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fi mu sanin ƙaddara, amma a 1804 ya bar Ɗagel ya yi hijira zuwa Gudu, bai zauna ya ce haka aka rubuta ba. Ka yarda da hukuncin Allah a zuciyarka, ka nemi haƙƙinka da ƙafarka ta hanyar da doka ta tanada. Biyun ba sa karo. Hasali ma wanda zuciyarsa ta natsu ya fi iya neman haƙƙi, don fushi ba ya ruɗa masa hujja.

Ku na gida, wannan karatu naku ne ma. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Mutane da yawa sun jingine mota da babur, sun kakkaɓe tsofaffin kekuna, masu faci suka sake samun ciniki. Amma na san akwai saurayin da ya gwammace ya ci bashin mai ko ya fasa zuwa makaranta da a gan shi a kan keke. Ku tambayi kakanninku. A zamaninsu mai sabon Rali mutum ne da ake nunawa, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano. A kan keke malaman makaranta suka kai ilimi ƙauyuka, a kansa aka kai hatsi kasuwa, a kansa aka goyo marasa lafiya zuwa asibiti. Keken bai canza ba, idonmu ne ya canza. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ka faɗi ra'ayinka a kan tsadar rayuwa, ka tuhumi shugabanni da ƙuri'arka da harshenka cikin ladabi, wannan haƙƙinka ne. Amma kafin farashi ya sauko, hau abin da kake da shi ka je inda alherinka yake.

Abu na ƙarshe da masu keke suka sani: iska ta fi sauƙi a cikin jama'a. Wanda ya bi bayan ɗan'uwansa daf da daf yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar keta iska, shi ya sa 'yan tsere ke karɓa-karɓa, wannan ya shiga gaba ya sha iska, in ya gaji ya koma baya wani ya karɓe shi. Baƙunci da zaman waya sun sa kowa yana ɗaukar kayansa shi kaɗai. Kada ku yarda da wannan. Ku riƙi sallar jam'i, ku san ɗakunan juna, ku tambayi wanda kuka kwana biyu ba ku gani ba. In yau kai ne mai ƙarfi, shiga gaba: biya wa ɗan'uwa kuɗin gado na wata guda, raka shi neman aiki, saurare shi. In kai ne ka gaji, kada girman kai ya hana ka fakewa a bayan wani. Sau da yawa sauƙin da Allah ya ƙaddara maka, a hannun ɗan'uwanka ya ajiye shi.

Abin da nake roƙonku ba mai yawa ba ne. Duk abin da ya tsaya muku a rai, ku raba shi gida biyu kafin ku kwanta: wanda ke hannun Allah kaɗai, da wanda Ya ɗora a wuyanku. Na farko ku miƙa shi da addu'a, ku bar shi a can, kada ku sake ɗauko shi cikin dare. Na biyu ku tashi da shi da sassafe, ku yi shi da kyau kamar babu wani aiki sai shi. Ku rage kallon rayuwar mutane a waya, ku ƙara duban waɗanda kuka fi, don godiya ta samu wurin zama. Wanda yake da lafiya kuma, ya samu keke ko na aro ne, ya fita bayan Asuba, ya gamu da iskar gaba da ƙirjinsa. Akwai abin da jiki ke fahimta kafin kunne. Ba na yi muku alkawarin cewa yin haka zai kawo dukiya. Alkawarin da zan iya yi shi ne ƙarfinku zai daina tsiyaya a inda ba ya amfani, kuma za ku iya yin barci.

Allah Ya ba mu haƙuri a kan abin da Ya hukunta, Ya ba mu himma a kan abin da Ya ɗora mana, Ya sa mu gane bambancinsu. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya mayar da kowa gida cikin mutunci, Ya yi wa nemanku albarka, Ya sa iyayenku su ci moriyarku. Amin.